Yadda ake kwana a kan anka a lungunan teku

Ɗan ƙanwata ne ya turo mini saƙon murya daga fadama, ina jin kukan injin ban-ruwa a bayansa. Wani abokin karatunsa ya samo masa aiki a ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido tsakanin Darussalam, Zanzibar da Pemba a ƙasar Tanzaniya, jirgi mai tsawon mita 12 da ke tafiya da iska, yana kuma da inji. Ya ce: "Kawu, an ce babban aikina shi ne jefa anka da gadinta da dare. Ni abin da na sani a kogin Hadejia, a kafa gora a laka, a ɗaure jirgi, a tafi gida. To a teku yaya ake yi jirgi ya kwana wuri ɗaya? Ƙarfe mai nauyin nawa ne zai riƙe shi?" Na yi shekaru ina wannan aiki a gaɓar nan kafin na dawo gida, amsar kuma ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ɗana, bari in fara da maganar nauyi, don a nan duk wanda ya taso a bakin kogi yake fara kuskure. Jirgin da ka kwatanta zai kai tan 10. Ankar da za ka tarar a goshinsa ba za ta wuce kilo 20 ko 25 ba, wato rabin buhun siminti. Da nauyinta ne ke riƙe jirgi, da iskar la'asar ma ta ishe ta jan ku. Ƙasa ce ke riƙe jirgi, ita anka aikinta ta shige cikin ƙasar. Ka riƙe garmar shanu tun kana yaro, saboda haka ka riga ka san rabin ilimin. Idan shanu suka ja garma a kwance, bakinta nutsewa yake yi, suna ƙara ja tana ƙara shiga. In ka kai ƙarshen kunya ka ɗaga ta sama, sai ta fito ba gardama. Haka anka take. Wata irinta da ake kira CQR, wadda wani masanin Ingila mai suna Geoffrey Taylor ya ƙirƙiro a 1933, siffar bakin garma gare ta sak. Akwai Danforth mai faffaɗan haƙora biyu, wadda ta fi son laka da yashi mai taushi. Akwai Bruce mai kama da ƙafar shaho, sai na baya-bayan nan irin su Rocna da Spade masu saurin kama ƙasa. Za ka ji masu jirage suna musu a kansu kamar yadda ake musun babura a majalisa. Kada ka sa baki. Wadda ka tarar a jirgin, ita za ka koyi halinta.

Abin da kake nema kullum shi ne jan da ke isa ga anka ya zo mata a kwance, ko ruwa ya ƙaru, ko iska ta juya da tsakar dare. Sarƙa ce ke yin wannan aiki. Jirgi irin naku yawanci sarƙar milimita 10 yake ɗauka, wadda kowace mita tata ta haura kilo 2. Idan ka saki mita 40, ka zuba ƙarfe kusan kilo 90 a ruwa. Nauyin nan ke sa ta yi ciki, ta sauko daga goshin jirgi ta kwanta a ƙasa kafin ta kai ga ankar. Amma kada ka dogara da cikin nan. In iska ta yi ƙarfi, sarƙa miƙewa take ta zama kamar tsirkiyar baka, a lokacin kuwa tsawonta kaɗai ya rage maka. Shi ya sa ake lissafi da ninki. Sarƙa zalla, ninki 5 na zurfin ruwa idan kwana za a yi. Ninki 3 in tsayuwar cin abinci ce da rana, kowa ido biyu. Ninki 7 ko fiye idan ana ganin alamar iska, ko kuma idan igiya ce maimakon sarƙa. Ita igiya, a gaɓar da ke da murjani, wato wani dutse mai rai da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, ban yarda ta taɓa ƙasa ba ko kaɗan. Dutsen murjani kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba, dare ɗaya ya ishe shi cinye igiya mai kaurin babban yatsa.

Tsofaffin matuƙa da gaba suke auna zurfi, irin gabar da masu haƙar rijiya ke aunawa da ita a wajenmu, ƙafa 6, wato mita 1.8. Har yau akwai tsofaffin taswirori masu nuna zurfi da gaba, don haka kafin ka yarda da lambar da ka gani, ka duba gefen takardar ka ga da me aka auna. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A makonka na farko ka roƙi kyaftin ku zazzage sarƙar gaba ɗaya a kan dakalin tasha, ku auna ta, ku shafa fenti a kowace mita 10, launi daban-daban. Ka duba ɗan marin da ya haɗa anka da sarƙa, ko notinsa a ɗaure yake da waya. In babu waya, motsin ruwa kwance shi yake yi a hankali. Ka kuma leƙa ramin da sarƙa ke taruwa ka tabbata ƙarshenta a ɗaure yake da jikin jirgi da guntuwar igiya mai ƙarfi, wadda za a iya sa wa wuƙa ranar da dole ta sa a bar anka a tsira da jirgi. Na taɓa ganin jirgin da sarƙarsa ta zube a teku ƙarƙaf don babu wanda ya taɓa duba wannan ɗaurin.

Yanzu ga abin da kogi bai koya maka ba. A wajenmu ruwa yana ƙaruwa da damina, ko idan an sako shi daga Tiga da Challawa, kwana da kwanaki kana kallon yana cin gaɓa. A teku kuwa sau biyu ruwa yake tumbatsa, sau biyu yake janyewa a kowane yini da dare, kuma kullum lokacin yana yin jinkirin kamar minti 50. Wata ne ke jan sa. Kai da ka saba da lissafin watan Musulunci abin zai zo maka da sauƙi. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 zuwa 16 su ne na babban ruwa, cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi yawa. Wajen 7 da 8 ga wata, da kuma 22 da 23, ruwan yakan yi sanyi, tazarar ta ragu. A Legas tazarar ba ta fi kamar mita 1 ba. A Bur Sudan da Sawakin, inda kakanninmu suka riƙa tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, da ƙyar za ka lura da ita. Amma a Zanzibar da Mombasa ta Kenya, ranar babban ruwa, tana kusan mita 4, tsawon mutum biyu har da ɗoriya. Kuma ba daidai-wa-daida yake tafiya ba: a cikin awa 6 da yake ɗauka, rabin ruwan a awa ta 3 da ta 4 yake shiga ko fita, a lokacin ne yake gudu a mashigai kamar kogi a watan Agusta.

Akwai jadawalin cika da janyewar ruwa na kowace tasha, kamar dai jadawalin lokutan salla, kuma yanzu har a waya ana samu. Ga yadda ake aiki da shi. Kun shiga lungu ruwa a janye, na'urar auna zurfi ta nuna mita 4. Daga saman ruwa zuwa goshin jirgi inda sarƙa ke fita akwai mita 1.5. Jadawali ya ce ruwa zai ƙaru da mita 3.5. Zurfinka na gaskiya mita 9 ke nan, ninki 5 kuwa mita 45. Wanda ya dubi na'ura kawai zai ce 4 sau 5, ya saki mita 20 ya je ya kwanta, idan ruwa ya cika kuwa ninki 2 da 'yan kai ne a hannunsa. A juye ma akwai haɗari. In kun shiga ruwa a cike kuka ga mita 4, cikin jirginku kuma ya nutse mita 2, to bayan awa 6 saura rabin mita, jirgi ya zauna a ƙasa ya kishingiɗa.

Wancan kuskure na farko da hannuna na yi shi, a wani lungu a yammacin Pemba, ranar 15 ga wata. Mun shiga kafin azahar, ruwa a janye. Kyaftin ya tambaye ni daga bayan jirgi ko sarƙa ta isa, na ɗaga masa hannu na ce ta isa. Da la'asar ruwa ya cika, amma babu iska ko ta kaɗa riga, jirgi bai motsa ba, sai hankalina ya ƙara kwanciya. Can gabanin asuba ruwa ya sake cika, hadari kuma ya taso. Ina kwance a goshin jirgi, abin da ya tashe ni wani gurnani ne yana bin jikin jirgin daga ƙasa, kamar ana jan baro a kan tsakuwa. Na miƙe zaune, sai na ji iskar da ya kamata ta buge ni a fuska tana dukan kunnena na dama. Jirgi ya ba iska gefe, wato tafiya yake yi. Na haska tocila, itatuwan bakin ruwa da muka bari can nesa ga su nan sun matso, ina kuma jin ruwa yana fashewa a kan dutse a bayanmu. Na yi wa kyaftin ihu, ya tayar da inji ya riƙe goshin jirgi yana fuskantar iska, ni kuma na durƙusa cikin ruwan sama ina sakin sarƙa, ina ƙirga fenti da tocila a baki. Na ƙara mita 25, sai na ji ta ja ta tsaya, jirgi ya yi wata girgiza ya juyo da hancinsa. Da hantsi da ruwa ya janye muka ga kawunan murjani a bayanmu, tazarar ba ta kai tsawon jirgi biyu ba. Baƙi 6 ne a ciki suna barci, biyu yara. Kyaftin bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini jadawali da fensir ya ce daga yau sai na nuna masa lissafi a rubuce kafin in taɓa sarƙa. Har na bar aikin ban daina ba, kai ma ka sayi ɗan littafi da fensir tun daga Hadejia.

Zaɓen wurin kwana aikin kyaftin ne, amma ka san dalilinsa, don wata rana kai za a tambaya. Gaɓar nan iska biyu ke mulkinta. Daga wajen Disamba zuwa Maris, daidai lokacin hunturunmu, iska daga arewa maso gabas take zuwa, mutanen can suna ce mata kaskazi. Daga Afrilu zuwa wajen Oktoba ta koma kudu da kudu maso gabas, sunanta kusi, kuma ta fi ƙarfi, musamman Yuni zuwa Agusta. Lungun da ya yi daɗin kwana a Janairu yana iya zama tarko a Yuli. Bakin Nungwi da ke ƙuryar arewacin Zanzibar yana da kariya lokacin kusi, amma da kaskazi ta kankama a buɗe yake. Abin da ake so shi ne tudu ya shiga tsakaninka da iska, kamar yadda ake ɗaure awaki a bayan katanga da hunturu. In iska daga teku take turo ka zuwa gaɓa, ranar da anka ta sake babu inda za ka faɗa sai kan dutse. Bayan manyan iskokin akwai ta yau da kullum: da rana tudu yana rigan ruwa yin zafi, iska ta shigo daga teku, da dare kuma tudu ya riga shi hucewa, iska ta koma daga tudu zuwa teku. Saboda haka jirgin da ka bari yana kallon gabas da magariba kana iya tashi ka same shi yana kallon yamma. Sai toroƙon ruwa, wanda ke zuwa daga nesa ko babu iska, ya zagayo bakin tsibiri ya shigo lungu ta gefe. Ba ya cire anka, amma yana hana baƙi barci, ya zubar da tukwane. Kafin ku kashe inji, ka rubuta lambar kamfas ta hanyar fita, ka kuma bar layin da kuka shigo a na'urar GPS, don ranar da za a gudu cikin duhu ita ce hanyar da aka tabbata babu dutse.

Lokacin shiga lungu mai murjani daga hantsi ne zuwa azahar, rana a sama ko a bayanka. Wasu taswirorin yankin a kan awon Turawan Ingila na ƙarni na 19 aka gina su, murjani kuwa girma yake yi, don haka idonka ne alƙali. Za a tsayar da kai a goshi, ko ka ɗan hau sama, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Shuɗi mai duhu irin na rinin Ƙofar Mata zurfi ne. Shuɗi mai haske mai ɗan tsanwa yashi ne a zurfin da ake so. In ya koma fari-fari, yashi ne amma ruwan ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa ko ruwan goro murjani ne dab da sama, ka nuna wa kyaftin da hannu tun daga nesa. Tabo mai duhu a tsakiyar haske ko ciyawa ce, ko dutse, ko inuwar girgije, ita inuwa za ka ga tana tafiya. In kuka makara har la'asar sakaliya kuna fuskantar yamma, ruwa zai zama kamar farantin silba, ba za ka ga komai ba. Gara a kwana a waje ana shawagi da a kutsa a makance.

Ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa ma iri-iri ce, kamar gonaki. Yashi mai kauri shi ne sarki. Laka mai danƙo, irin ta mashigan da ke da itatuwan bakin ruwa, tana riƙo sosai, sai dai wahalar wanke sarƙa da safe. Laka mai ruwa-ruwa kamar kunu anka tana ratsa ta ne kawai. Ciyawar ruwa mayaudariya ce: bakin anka yakan cika da saiwa ya ƙi shiga, ta yi kamar ta kama, iska na tasowa ta tumɓuke. Mafi sharri shi ne fako, wato dutse shimfiɗaɗɗe da yashi ɗan taki ɗaya a kansa. Daga sama fari tas kamar wurin kirki, amma garma ba ta shiga fako.

Murjani kuwa kada ka sauke anka a kansa, ko kyaftin yana gaggawa. Abu ne mai rai. Manyan kawunan nan kamar santimita 1 suke ƙaruwa a shekara, wanda ya kai tsawon mutum ya haura shekara 100, sarƙa kuma dare ɗaya take yi tana shara ta farfasa shi. A nan kifi ke haihuwa, a nan mutanen ƙauyen ke ci. Kai ɗan masunta ne, ka ga yadda kachalla ta toshe mana hanyoyin ruwa ta rage mana kamu, ka san zafin a ɓata wa mutum wurin sana'a. A wuraren da gwamnati ta killace, irin gandun teku na tsibirin Mafia a Tanzaniya da aka kafa a 1995, akwai doka da kuɗin shiga. Wasu wuraren an tanadi maɗauri masu yawo a saman ruwa don kada a sauke anka. In kun ɗaura a irinsu, ka shiga ruwa ka duba igiyar da idonka, don ba ka san yaushe rabon a duba ta ba. Idan kuma filin yashin ƙarami ne, kawunan murjani a kewaye, ana ɗaura wa sarƙa balan-balan ɗin da ake ratayawa a gefen jirgi don kada ya gogi dakali a wuri biyu ko uku, su ɗaga ta sama da kawunan.

Ka ce "jefa anka". Ka cire kalmar nan daga bakinka, sauke ta ake yi. Kyaftin zai kawo jirgi a hankali yana fuskantar iska, ko gudun ruwa in shi ya fi ƙarfi, har ya tsaya cak a kan farin yashin da ka nuna masa. Sai ka sauke har ka ji ta taɓa ƙasa. Daga nan jirgi zai fara ja da baya, kai kuma kana sakin sarƙa daidai da tafiyarsa, tana shimfiɗuwa a ƙasa a miƙe. In ka zuba ta tuli guda a kan ankar, za ta naɗe ta, ta hana ta kamawa. Idan ka saki abin da lissafi ya ba ka, ka ɗaure, kyaftin ya sa ribas a hankali, sannan ya ƙara wuta zuwa kamar rabi, ya riƙe minti ɗaya ko biyu. Ka ɗora tafin hannu a kan sarƙa a wajen goshi. Idan ta miƙe ta yi shiru, ta kama. Idan tana karkarwa tana tsalle, ja take yi, a ɗaga a sake, ko sau uku ne, babu kunya a ciki. A lokacin kuma ka dubi gefe ka nemi abu biyu a tudu da suka yi layi ɗaya, na kusa da na nesa, misali bishiyar kwakwa da ƙarfen sabis. In sun tsaya tare, kuna nan. In suna rabuwa, tafiya kuke yi. Ruwan can garai-garai ne, saboda haka in akwai hali ka sa gilashin nutso ka bi sarƙar ka ga ankar. Wadda ta kama, wuyanta kaɗai za ka gani, sauran ya shige yashi. Kuma ka kiyayi yatsunka na hannu da na ƙafa. Injin naɗe sarƙa ba ya jin ihu, na san mutum biyu da ya gutsure wa yatsa.

Abu na ƙarshe kafin ka bar goshi: a samu igiyar nailan mai tsawon mita 5 zuwa 10 mai ƙugiya, a maƙala ta a sarƙa, a ɗaure ɗaya bakin a maɗaurin jirgi, sannan a ƙara sakin sarƙa har nauyi ya koma kan igiyar. Nailan yana miƙewa ya dawo, shi ke shanye fizgar da igiyar ruwa ke yi, ya kuma sauke wa injin naɗe sarƙa nauyi. Inda take gogar jirgi ka zura mata guntun tiyo, irin na ban-ruwanka.

Jirgi a kan anka ɗaurin talala ne. Da sarƙa mita 45 da jirgi mita 12, da'irar da zai iya zagayawa faɗinta ya haura mita 110, ya fi tsawon filin ƙwallo. Duk abin da ke cikin da'irar nan, dutse ne ko tudun yashi ko jirgin wani, wata sa'a za ku haɗu. Al'adar teku ita ce wanda ya riga sauka shi ke da wuri, in an matsu wanda ya zo daga baya ne zai tashi. Jirage ma ba hali ɗaya gare su ba: mai ciki biyu iska yake bi, naku mai zurfin ciki ruwa yake bi, jiragen katako na mutanen gari kuma sau da yawa doguwar igiya suke saki. A mashigai irin na Kilifi da Lamu a Kenya, inda ruwa ke juyawa duk awa 6, jirgi yakan hau kan sarƙarsa idan iska da ruwa suka saɓa.

Dokokin teku na duniya na 1972 sun wajabta wa jirgin da ke kan anka farar fitila da ake gani ta kowane ɓangare da dare, da baƙar ƙwallo a rataye a gaba da rana. Yawancin jirage fitilar a ƙolin doguwar sandar da ke tsaye a tsakiyar jirgi take, masunta kuwa da ke fita cikin dare a kwale-kwalensu ba sama suke kallo ba, galibi ma ba su da fitila. Ni kullum ina ƙara rataya wata a ƙasa, daidai idon mai tuƙi.

Gadi kuma ba zama da waya ba ne. Ka kunna ƙararrawar GPS mai yin ƙara idan jirgi ya gusa daga wurinsa, amma kada ka miƙa mata amanarka, batir yana mutuwa. Kafin duhu ka zaɓi alamun da za su ganu da dare, ka lura fitilar ƙauye tana iya mutuwa in an ɗauke wuta. Hadari ka san shi tun a gida: gari ya yi tsit, walƙiya daga nesa, sai wata iska mai sanyi ta riga ruwa isowa. Da ka ji sanyin nan ka tashi kyaftin, kada ka jira. Iskar da gudunta ya ninka sau 2, ƙarfinta a jikin jirgi sau 4 yake ninkawa. In kun fara ja kuma akwai fili a baya, a tayar da inji a ƙara sarƙa. In babu fili, a ɗaga a fita. Manyan guguwoyin teku sun fi yawa can kudu wajen Madagaska da Mozambik daga Nuwamba zuwa Afrilu, amma a Mayun 2024 guguwar Hidaya ta sauka a tsibirin Mafia, don haka a riƙa sauraron hasashen yanayi kullum. Arewacin Mozambik kuwa, yankin Cabo Delgado, tun 2017 ake fama da 'yan bindiga, ko an yi maka tayin ƙarin kuɗi kada ka bi jirgin da zai kwana a can.

Wani abu da zai ba ka mamaki: a Zanzibar alƙibla kusan arewa take, ba gabas ba kamar a gida, jirgi kuma juyawa yake yi. Ka dubi kamfas kafin ka kabbara. Addu'ar shiga jirgi da aka koya mana a makarantar allo, "Bismillahi majreha wa mursaha", kalmarta ta ƙarshe tsayuwar jirgi take nufi, aikinka ke nan. Ni da ita nake sakin sarƙa.

In kun sauka kusa da ƙauye, ku shiga ku yi gaisuwa. A Zanzibar da Pemba mai unguwa sheha ake ce masa, mutanen kuma galibinsu Musulmi ne, sallama tana buɗe maka ƙofa. Masuntan wurin sun san inda yashi yake da inda suka kafa tarunsu fiye da kowace taswira, matambayi kuwa ba ya ɓata. Kusa da itatuwan bakin ruwa akwai sauro, ka tafi da gidan sauronka.

Da safe wajen tashi, kada a sa injin naɗe sarƙa ya ja jirgi. Kyaftin ya matso a hankali, kai kana nuna masa da hannu inda sarƙa ta nufa, kana naɗe abin da ya saki, har ta tsaya a tsaye ƙarƙashin goshi. A nan ankar za ta fito kamar garma a ƙarshen kunya. In ta ƙi, ku ɗaure sarƙar ku ɗan jira, motsin ruwa yakan ɓamɓaro ta. In sarƙa ce ta naɗe dutse, ka duba da gilashi ka ga ta wane gefe ta bi, a zagaya da jirgi a warware. Kada ka nutsa ka sa hannu tsakanin sarƙa da dutse jirgi yana sama yana fizga, kuma kada ƙarfin ninkayarka na kogi ya ruɗe ka ka bi ta zurfin mita 10 da numfashi ɗaya. A nemo masu nutso da tulun iska, kuɗinsu bai kai ranka ba.

Idan ka isa, ka turo mini hoton ankar, da tsawon sarƙar, da zurfin cikin jirgin, mu yi lissafin lungunan farko tare. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata zan leƙo kafin ka tashi. Allah ya kai ka lafiya.